Katsura, bishiyar da ganyenta ke ƙamshin alewa: a duba wuri kafin a saya

Assalamu alaikum jama'a. Tunda Oktoba ta kama a nan Ingila duk shagon sayar da dashe da ka leƙa zaka tarar sun jero katsura a bakin ƙofa, ganyen ya rine ruwan ɗorawa da ruwan goro, wani ma har da ja ja a gefe, ga ta 'yar cas a cikin tukunyar roba tsawonta bai wuce kafaɗar mutum ba, toh wa zai gani bai yi sha'awa ba? 'Yan uwanmu da Allah ya hore wa gida mai ɗan fili a baya suna yawan turo min hotonta suna tambaya wai in saya ko kar in saya, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya. Maganar da zan fi nanatawa guda ɗaya ce, katsura bishiyar bakin rafi ce. In filinka na riƙe danshi kuma akwai sarari, da wuya ka samu bishiyar ado da ta kai ta. In kuwa busasshen wuri ne mai iska to wallahi wahala zaka saya wa kanka da ita kanta bishiyar.

Asalinta Japan ne da ƙasar Sin, masana na kiranta Cercidiphyllum japonicum, kuma a can ba a tsakiyar fili take fitowa ba, cikin kwazazzabai take a gefen ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsu, inda ƙasa ke da laima shekara zagaye kuma ruwan ba kwance yake ba, gudu yake. A irin wannan wurin tana zama ƙatuwar gaske, a Sin akwai masu kai mita 40. Danginta kaf iri biyu ne suka rage a duniya, ita da wata 'yar uwarta Cercidiphyllum magnificum da ke can saman duwatsun tsibirin Honshu na Japan, wadda ganyenta ya fi faɗi amma jikinta bai kai girman wannan ba. Abin da ya fi burge ni shine an tono sawun ganyen danginta a jikin duwatsu a Turai da Arewacin Amurka, wato miliyoyin shekaru da suka wuce ta yaɗu a duk wannan yankin kafin ta taƙaita a gabashin Asiya. Ta dawo Amurka a 1865 ta hannun Thomas Hogg da ya aiko da irinta daga Japan, Birtaniya kuma 1881, kuma har yau a gandun Arnold Arboretum da ke Boston akwai wadda ta fito daga irin da aka samu a 1878, tana nan da ranta. Su Japanawa ba ado kaɗai suke da ita ba, katakonta mai laushi ne baya gardama wajen sassaƙa, da shi ake yin allon wasan go da na shogi, wato wasanninsu masu kama da dara, mutanen Ainu na tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan kuma kwalekwale suke fafewa da gungumenta. A bikin Aoi Matsuri da ake yi a Kyoto duk 15 ga Mayu ma rassanta ake haɗawa da ganyen wata shuka da ake kira aoi a maƙala a jiki.

Amma abin da ke sa mutane haukan sonta a nan ƙamshin ne. Idan ganyen ya fara zuba a kaka yana bushewa sai wurin ya ɗauki wani ƙamshi sak lokacin da ake dafa alewar madara sukari ya fara kamun gindin tukunya, kuma abin mamaki in ka tsinki ɗanyen ganye ka shinshina ba zaka ji komai ba, sai ya faɗi ya fara komawa ruwan ƙasa. Wani sinadari ne da ake kira maltol ke fita daga ganyen, shine dai wanda ke fitowa in ana gasa burodi ko an ƙona sukari. Ƙamshin kuma baya zama wuri ɗaya, zaka iya tsayawa a gindinta baka ji ba, ka yi taku goma iska ta kawo maka shi gaba ɗaya. Yafi tashi da rana in an ɗan yi yayyafi da safe sannan gari ya yi ɗumi. Akwai mutanen da sam hancinsu baya kama shi, don haka in ƙamshin ne ya ja ka to ka fara zuwa inda take ka gwada, gandun Westonbirt da ke Gloucestershire na da manya manya, tsakiyar Oktoba ne lokacinsu.

Ni kam ko ba ƙamshi zan so ta saboda ganyen. Siffar zuciya gare shi, ƙanana, sun jeru biyu biyu suna kallon juna a jikin reshe, gefensu da ɗan lanƙwashe lanƙwashe marar kaifi. A ƙarshen Maris zuwa Afrilu in suna fitowa launinsu jan ƙarfe ne mai sirkin shunayya, har rana na ratsa su, daga nan su koma kore mai ɗan shuɗi shuɗi a bazara, in an yi ruwa sai ka ga ɗigon ya dunƙule a kan ganyen baya jiƙa shi. Fure kam kar ka sa rai, 'yan jajayen zare ne ke fitowa a jikin reshe kafin ganye, in baka matso kusa ba ba zaka lura ba.

Toh mu zo kan wuri, don nan ne ake faɗuwa. Saiwar katsura bata nutsawa ƙasa sosai, a sama sama take bazuwa, shi yasa da saman ƙasa ya bushe ita ce farkon ji a jikinta. Alamar farko gefen ganyen ne zai ƙone ya yi ruwan ƙasa ya nannaɗe, yana farawa daga rassan sama da ɓangaren da rana ta fi duka, in ba a kai mata ɗauki ba sai ta zubar da ganyen gaba ɗaya a tsakiyar Agusta. Mun ga wannan da idonmu a 2022, shekarar da zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby na Ingila ranar 19 ga Yuli, wanda ba a taɓa auna irinsa a ƙasar nan ba, aka kuma hana ban ruwa da mesa a yankuna da dama. A unguwarmu duk katsurar da aka dasa a tsakiyar ciyawa rana na dukanta ta ko'ina tsirara ta koma tun kaka bata zo ba, har ƙamshin nan ya tashi a watan da ba nasa ba, ni kuma abin tausayi ya bani don na san ƙishirwa ce ta sa. Tawa tana can lungun da ruwan rufin ɗaki ke gangarawa, katanga na tare mata ranar yamma, da bokiti na riƙa kai mata ruwan wanke kayan miya da na ɗaurayar shinkafa, gefen ganyenta ya ɗan ƙone amma bata zubar ba. Babbar bishiya in ta zubar sau ɗaya yawanci tana sake toho in ruwa ya dawo, ƙaramar da bata kafu ba ce ake rasawa, ko kuma wadda abin ya maimaita mata shekara biyu uku a jere.

Don haka kafin ka fitar da kuɗi ka ɗauki shebur ka haƙa rami a inda kake so ka dasa, zurfin kamu biyu haka, ka damƙi ƙasar ƙasan a hannu. In ta dunƙule da sanyi sanyi sannan ka matsa ta wargaje, madalla. In rairayi ce ta zube ta tsakanin yatsu to aiki na gabanka, sai ka zuba ruɓaɓɓen ganye da takin gargajiya da yawa kuma ka ɗaura ɗamarar ban ruwa duk bazara. Laka bata dame ta ba matuƙar ruwa baya kwanciya, ka cika ramin da ruwa ka dawo washegari, in ka tarar yana nan tsaye to wurin bai yi ba, saiwar ruɓewa zata yi a hunturu. Danshi take so ba kududdufi ba. Sannan ƙasa mai ɗan tsami ta fi fito mata da launin kaka, a yankunan kudancin Ingila masu ƙasar alli tana rayuwa amma sau da yawa launin baya ƙayatarwa kamar na hoton da aka manna mata a shago, ƙasar allin kuma ga saurin bushewa. Ana sayar da ɗan abin gwajin tsamin ƙasa a shagunan dashen, ba tsada, ka gwada kafin nan.

Sai maganar girma, wadda gaskiya masu sayarwa basa faɗa da ƙarfi. Wani shago da na shiga takardar da suka rataya mata tsawon shekara goma kawai suka rubuta, alhali asalin katsura in ta samu wuri tana haura mita 12 a tsawo ta kuma baje fiye da mita 8, kuma da ƙuruciyarta tana da sauri in tana shan ruwa. Yawancin gidajenmu a nan filin bayan faɗinsa gaba ɗaya bai kai haka ba. Saiwar nan ta sama kuma in ta manyanta tana ɗaga daɓe, ciyawa bata yin kirki a ƙarƙashinta, injin yankan ciyawa yana ta karce ta. Kar ka manna ta da gini ko magudanar ruwa ko shingen maƙwabci, don a ƙasar nan rigimar reshe da inuwa tsakanin maƙwabta ba ƙaramin abu bane, kuma katsura ba bishiyar da ake rage wa tsawo da zarto bace, duk kyanta a surar da ta yi wa kanta yake, ka guntule kan ka gama da ita.

Wani abin kuma sanyin ƙarshen hunturu. Ita kanta bishiyar sanyi baya kashe ta, tana jure na Hokkaido da na arewacin Amurka wanda namu na nan wasa ne a kansa. Matsalar ita ce tana saurin fitar da ganye, in aka samu kwanakin ɗumi a Maris sai ta ɗauka gari ya waye, sai wani dare a Afrilu sama ta yi tas ba gajimare raɓa ta daskare, da safe ka fito ka tarar sabon tohon nan ya yi baƙi ya langaɓe. Ranar farko da ka gani hankalinka zai tashi, amma ka kyale ta kar ka yanke komai, bayan 'yan makonni zata sake fitarwa. Abin da zaka iya yi shine kar ka dasa ta a kwari inda sanyi ke taruwa ko inda ranar safe ke faɗa mata kai tsaye ganyen na daskare, ƙarama kuma in an yi hasashen daskarewa ka lulluɓa mata farin mayafin nan na shuka da yamma ka cire da hantsi.

To wanne iri za a zaɓa? In kana da babban fili ka ɗauki asalin kawai, ba wanda ya kai shi kwarjini. Mai ƙaramin wuri ni Heronswood Globe nake fara nuna masa, daga wani gidan renon dashe a jihar Washington ta Amurka ta fito, a hankali take girma tana dunƙulewa, yawanci wajen mita 5 take tsayawa kuma launin kakarta ba laifi. Akwai Boyd's Dwarf da ta fi ta ƙanƙanta. Rotfuchs kuwa daga Jamus take, ita ake yayi yanzu saboda ganyenta mai duhun shunayya, a tsaye take tafiya bata bajewa sosai don haka tana shiga siririn wuri, amma in faɗi gaskiyata launin nan na farkon shekara ne ya fi ƙarfi, zuwa tsakiyar bazara yana komawa kore mai duhu, a kaka kuma bata kama ƙafar asalin ba. Wanda rinin kaka ya ja shi kar ya ɗauke ta don kawai ta fi ɗaukar ido a shago.

Masu zubo da rassa ƙasa su kuma kashi biyu ne kuma ana yawan rikita su. Wadda ake rubuta wa Pendulum bata cika tsawo ba, rassan na tashi kaɗan su lanƙwaso har su taɓa ƙasa, amma fa tana baje faɗi sosai, mutane na ganin gajarta ce su ɗauka ƙarama ce. Morioka Weeping kuma tushenta wata tsohuwar bishiya ce a yankin Morioka da ke arewacin Japan, ita tsakiyarta na miƙewa sama rassan gefe ne ke zubowa, kuma babbar bishiya take zama, ba ta ƙaramin gida bace ko kaɗan. Duk waɗannan masu sunan aure ake musu a kan saiwar asalin katsura, don haka ka duba wurin auren da kyau, ya zama ya haɗe lafiya ba tsaga ba kumburin banza, kuma duk tohon da ya fito daga ƙasan auren ka cire shi tun yana ƙarami, in ka bar shi zai fi na saman ƙarfi ya cinye shi.

A shagon kar ka ji kunya, ka kwantar da tukunyar ka zaro dashen ka kalli saiwar. Wadda kake so fara ce mai rassa ƙanana ta ratsa ƙasar ko'ina. In ka ga saiwoyi masu kauri sun zagaye cikin tukunyar sun nannaɗe juna, ta daɗe a ciki kenan, irin wannan bayan shekaru saiwar kan shaƙe gindin da kanta, ka mayar ka ɗauki wata. Kuma ƙarama ta fi babba, mai mita ɗaya da rabi ta fi saurin kafuwa kuma sau da yawa tana kamo mai mita uku da aka saya da tsada. Sai ka yanke shawara mai gindi ɗaya kake so ko mai gindi da yawa. A dajin Japan yawanci da yawa take tashi kuma ni ita ta fi min kyau, sai dai ka lura da inda manyan rassa biyu suka tashi a matse da juna ɓawo ya shige tsakani, nan ne ke tsagewa in ta girma aka yi iska. Tana da mace da namiji a bishiya daban daban, macen ce ke yin 'yan siraran kwanso masu iri, amma ƙamshi da launi duka biyun suna yi, wannan kar ya dame ka.

Lokacin dashe daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ƙasa na da sauran ɗumi ruwan sama kuma ya wadata, saiwa zata kama kafin bazara. Ramin ya yi faɗin tukunyar sau biyu ko uku amma zurfin kar ya wuce nata, wannan kuskuren binne gindi ya kashe bishiyoyi da yawa, inda gindin ya fara buɗewa zuwa saiwa dole ya zauna daidai da saman ƙasa, in a shago sun rufe shi ka share da yatsa har ka gan shi. Ka jiƙa ta a bokiti kafin ka saka, ka warware saiwar gefe, ka mayar da ƙasar ka danna da ƙafa a hankali, ka kafa gajeren turke ka ɗaure ta daga ƙasa yadda saman zai riƙa kaɗawa, bayan shekara biyu ka cire. Ciyawa kuma a kore ta, ka share da'ira mai faɗin mita ɗaya ko fiye ka lulluɓe da ɓawon itace ko ruɓaɓɓen ganye kaurin yatsa huɗu, amma kar ya taɓa jikin gindin. Wannan lulluɓin shine rabin aikin katsura, duk shekara a sabunta shi, ganyenta da ya zuba ma kar ka kwashe ka kai bola, ka tattara mata shi a gindi.

Ban ruwa shekara uku na farko ba wasa, daga Afrilu zuwa Satumba duk makon da ba a yi ruwan kirki ba ni bokiti biyu zuwa uku nake bata a zama ɗaya, a hankali yadda zai nutse, ya fi a riƙa yayyafa mata kullum saman ƙasa kawai na jiƙa. Takin zamani bata buƙata in ƙasar na da kyau. Aski kuma kaɗan ne, busasshen reshe da wanda ke gugar ɗan uwansa kawai, bayan ganye ya zube. Ƙwari basu cika damunta ba, abin da nake tsoro a nan shine wani fangas, wato irin naman ƙasa, mai launin zuma da turawa ke kira honey fungus, da ke fitowa gungu gungu a gindin matattun kututture yana cin saiwa, katsura na cikin waɗanda yake kamawa, in ya taɓa kashe maka bishiya a filin to ka haƙura da ita. Inda zomaye ko barewa ke shigowa kuma a sa mata raga a gindi.

Masu tambaya ko su tafi da irin gida su shuka a Kano ko Zinder ko Maradi, amsata a'a. Bishiya ce da sai ta yi barcin hunturu na watanni cikin sanyi na gaske sannan ta farka, sanyin hunturunmu bai kai nan ba, zafin Afrilu da busasshiyar iskarmu kuma zasu ƙone ganyen ko da kana tsaye a kanta da mesa.

'Yan uwa masu zaman haya kuma da basu da ikon haƙa fili, ana iya riƙe ƙananan irin su Boyd's Dwarf ko Heronswood Globe a babbar tukunya na wasu shekaru, sai dai a tukunya ƙishirwar ninkuwa take, a Yuli kusan kullum sai ka duba, in zaka yi tafiya gida hutun bazara dole ka bar wa wani amanar ban ruwa. Tukunyar ta zama mai faɗi da huji a ƙasa, a ajiye ta inda ranar yamma bata dukan jikinta don kar saiwar ta dahu, duk shekara a kwashe ƙasar sama a zuba sabuwa, duk bayan shekara biyu ko uku kuma a zaro ta a rage saiwar gefe a sauya mata tukunyar da ta ɗan fi girma.